Shekara 35 a Takarda, 17 a Zuci: Otizim da Lissafin Girma

A cikin maganganun da manya masu otizim suke yawan maimaitawa idan suka samu mai sauraronsu da kunnen basira, akwai wata guda da takan ɗaure wa mutum kai. Mutum ya cika shekara 35, takardar haihuwarsa ta tabbatar, furfura ma ta fara leƙowa ta gefen kunne, amma sai ya ce shi a ransa bai wuce 17 ba. Wata ta ce duk lokacin da abu ya rikice a wurin aiki takan waiga tana neman babban da zai yanke shawara, sai daga baya ta tuna cewa ita ce ta girmi kowa a ɗakin. Wani ya ce idan yana zaune cikin sa'anninsa suna hirar kuɗin haya da makarantar yara da rigimar ofis, ji yake kamar yaron da aka bari ya raɓa majalisar manya bisa sharaɗin kada ya sa baki. Masu faɗin wannan magana ba da wasa suke faɗinta ba, kuma sau da yawa sai sun sunkuyar da kai kafin ta fito.

Ya kamata a daidaita kalma kafin a yi nisa. Kafafen yaɗa labarai sun saba kiran otizim da sunan galahanga, kalmar da ake yafa wa larurori iri-iri da ba su haɗa hanya ba, wadda kuma da an ji ta sai a hango wanda bai san inda kansa yake ba. Na zaɓi in ce otizim domin in kauce wa wannan hoto. Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa tun farkon rayuwa, wanda ke shafar yadda mutum yake mu'amala da sadarwa, da yadda yake jin ƙara da haske da taɓawa, da kuma irin ƙaunarsa ga tsari da nutsewa cikin abu guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi, ita kuwa cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta samu 1 cikin 31 a tsakanin 'yan shekara 8 a ƙidayarta ta 2022. Sama da kashi ɗaya cikin uku na waɗannan yara suna da raunin basira tare da otizim ɗin, sauran ba su da shi, wasu ma basirarsu ta zarce ta yawancin mutane. Dukkansu dai, in rai ya yi tsawo, manya za su zama.

Adalci ya wajabta a fara da cewa jin ƙuruciya a zuci ba masu otizim kaɗai ya shafa ba. A shekarar 2006 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, David Rubin da Dorthe Berntsen, sun tambayi manya kusan 1,500 a ƙasar Denmak shekara nawa suke jin kansu, sai suka ga cewa 'yan ƙasa da 25 sukan ji sun girmi shekarunsu, waɗanda suka haura 25 sukan ji ba su kai ba, daga 40 zuwa sama kuwa mutum yakan rage wa kansa kusan kashi 20 cikin 100. Wato mai shekara 50 yana yawo ne da zuciyar ɗan 40. To amma wannan ragin na kowa da kowa ne, shi ya sa ba ya ciwo, domin mai 50 ɗin yana zaune ne cikin tsararraki waɗanda su ma 40 suke ji, ana tafiya tare, ana dariyar ciwon gwiwa tare. Abin da mai otizim yake bayyanawa dabam ne. Da sa'anninsa yake auna kansa ya ga sun yi masa fintinkau, kuma sau da yawa yakan iya nuna lokacin da tazarar ta fara buɗewa, wato a bakin balaga, lokacin da abokan wasansa suka wayi gari da wani sabon yare na ƙyafce da habaici da soyayya, shi kuwa bai san ranar da aka ba da darasin ba.

Wani abin da ke ƙara rikita lissafin shi ne cewa da yawa daga cikin masu wannan magana an taɓa yi musu kallon tsofaffi tun suna yara. Yaran da likita Hans Asperger ya bayyana a birnin Viyana a 1944 sun shahara da magana irin ta littafi, har aka riƙa yi wa irinsu laƙabi da ƙananan farfesoshi, kuma har gobe iyaye suna ba da labarin ɗan shekara 8 da ya fi son zama da malamai a kan shiga filin wasa, yana yi wa baƙi bayanin taurari ko injin jirgin ƙasa da kalmomin da ba a saba ji a bakin yaro ba. Mutum guda ke nan: a shekara 8 ana cewa dattijo ne a jikin yaro, a shekara 38 shi da bakinsa yana cewa yaro ne a jikin dattijo. Da a ce jinkiri ne kawai irin na wanda ya makara a hanya, da komai nasa a baya zai kasance, kuma daidai wa daida. Abin da ake gani ya fi kama da ginin da wani ɓangarensa ya kai hawa biyar alhali wani bai wuce taga ba, ga shi kuma duka a kan harsashi ɗaya suke.

Masana suna da hanyar auna wannan rashin daidaito. Ban da gwajin basira da aka sani, akwai wani ma'auni da ake kira Vineland, wanda asalinsa aikin Edgar Doll ne na 1935, daga baya Sara Sparrow da abokan aikinta suka sake masa gini a 1984. Shi abin da mutum yake yi da kansa a rayuwar yau da kullum yake bi, kamar kula da jiki, da riƙon kuɗi, da cika alkawarin lokaci, da riƙon abota, da neman taimako idan abu ya lalace. A wajen yawancin mutane sakamakon gwaje-gwajen biyu yakan zo kusa da juna. A wajen masu otizim, musamman waɗanda basirarsu ke da ƙarfi, bincike bayan bincike ya nuna giɓi mai faɗi, kuma giɓin yakan ƙara buɗewa yayin da shekaru ke ƙaruwa, domin duniya tana ƙara wa mutum kaya da sauri fiye da yadda wuyansa ke ƙara ƙarfi. Abin da ake nema a wajen ɗan shekara 7 kaɗan ne kuma a fayyace yake, akwai ƙararrawa, akwai jadawali, akwai mai ce masa yanzu lokacin kaza ne. Abin da ake nema a wajen ɗan 27 ba shi da iyaka, kuma mafi yawansa ba a rubuce yake ba.

A ɗauki misalin mace mai shekara 34 da ke aikin lissafin kuɗi, wadda za ta iya zaƙulo kuskuren adadi guda a cikin shafi ɗari kafin abokan aikinta su gama gyara zama. Haƙori yana mata ciwo mako uku, abin da ya rage kawai ta ɗaga waya ta nemi ranar ganin likita. Ta rubuta abin da za ta faɗa a takarda, ta rubuta amsar tambayoyi uku da take tsammani, ta ajiye wayar a gabanta tun safe, ta ɗauka ta ajiye har sau biyar. Da ta daure ta kira, sai wanda ya ɗauka ya jefo mata tambaya ta huɗu da ba ta cikin takardar, ga hayaniya a bayansa, sai kanta ya ɗauke, ta ce za ta sake kira, ta kashe. Da yamma ta roƙi mahaifiyarta ta kira mata. A daren nan abin da zai hana ta barci, fiye da haƙorin, shi ne tuna cewa ƙanwarta mai shekara 22 takan yi irin wannan kira tana tafe a hanya tana hira da wani. Abin da ya gagare ta yana cikin ayyukan da ƙwaƙwalwa ke yi na tsara abu da soma shi da sauya hanya idan shiri ya rushe, waɗanda sukan yi wa masu otizim nauyi ko da basirarsu ta kai ina. Amma ita ba da wannan dogon suna za ta kira shi ba. Kalmar da ke kusa da hannunta ita ce yarinta, domin tun tana ƙarama ta ga cewa yara ne ake kira wa likita.

Da me ma mutum yake gane cewa ya girma? Babu wanda ya taɓa farkawa ranar da ya cika 18 ya ji wani abu ya sauya a jikinsa. Bernice Neugarten ta Jami'ar Chicago ta yi bayani tun a shekarun 1960 cewa kowace al'umma tana da agogonta, wanda ke faɗin lokacin da ya dace a gama karatu, a kama sana'a, a tsaya da ƙafa, a yi aure, a haihu, kuma da shi mutane ke auna kansu su ce sun yi wuri ko sun makara. Daga waɗannan matakai jin girma yake fitowa, da kuma daga yadda mutane suke sauya wa mutum fuska bayan ya taka su. Alƙaluman da ake da su sun nuna yadda masu otizim ke daɗewa a bakin kowace ƙofa. Rahoton Jami'ar Drexel na 2015, wanda ya bi matasan Amurka masu otizim da suka samu tallafin karatu na musamman a makaranta, ya gano cewa kashi 58 cikin 100 ne kawai suka taɓa yin aikin albashi tsakanin gama sakandare da farkon shekarunsu na ashirin, kuma kusan 1 cikin 5 ne ya taɓa zaman kansa. Wani bincike na Asibitin Yara na Filadelfiya a 2017 ya samu cewa 1 cikin 3 na matasa masu otizim marasa raunin basira ne ke samun lasisin tuƙi zuwa shekara 21, alhali a sauran matasa sama da 8 cikin 10 ne. A Birtaniya kuwa, ofishin ƙididdiga na ƙasa ya bayyana a 2021 cewa kusan kashi 22 cikin 100 na manya masu otizim ne ke da aiki. Kowace ƙofa da ba a shiga ba takan tafi da darussan da ke bayanta. Wanda bai yi aiki ba bai koyi yadda ake ƙin umarnin shugaba cikin ladabi ba, wanda bai yi zaman kansa ba bai taɓa kwana da fargabar ƙarshen wata ba, kuma hirar manya, idan aka lura, rabinta kukan waɗannan abubuwa ne. Wanda ba shi da abin kuka irin nasu dole ya zama ɗan kallo.

Akwai kuma makarantar da ba ta da allo, wato shekarun samartaka da 'yanmatanci. Tsakanin 13 da 20 ne yawancin mutane suke kwashe dubban awoyi suna gwaji a kan junansu: a yi faɗa a shirya, a ci amana a ji zafinta, a so wanda ba ya so, a koyi bambancin wasa da raini, a gane lokacin da "babu komai" ke nufin akwai komai. Kurakuran wannan lokaci masu arha ne, saboda kowa yana yinsu kuma kowa yana mantawa. Yaron da aka ware, ko aka mayar abin tsokana har ya gwammace zaman ɗaki, bai zauna wannan aji ba. Idan ya samu aminin gaskiya na farko a shekara 29, ko ta fara soyayya a 33, kurakuran 'yan 16 za su yi, su kira sau goma a yini, su gaskata duk abin da aka faɗa musu, su saki sirri inda bai dace ba, sai dai yanzu farashin ya tashi kuma babu mai yafe musu da cewa ai ƙuruciya ce. A ganina wannan rashin gogewa ne tsantsa, ita kuwa gogewa ana samunta a kowane shekaru muddin an samu fili da abokin gwaji. Damian Milton, wani masani ɗan Birtaniya wanda shi kansa mai otizim ne, ya kawo hujja a 2012 cewa rashin fahimtar da ke tsakanin masu otizim da sauran mutane daga ɓangarori biyu yake, kowa yana kasa karanta ɗan'uwansa. Catherine Crompton da abokan aikinta a Jami'ar Edinburgh sun gwada wani sashe na wannan a 2020, inda suka jera mutane takwas-takwas aka ba na farko labari ya miƙa wa na biyu har zuwa na ƙarshe, kuma layin masu otizim zalla bai gaza layin marasa otizim ba wajen isar da labarin. Ba abin mamaki ba ne ke nan da ake jin wasu suna cewa idan suka zauna cikin 'yan'uwansu masu otizim, jin ƙanƙantar nan yakan lafa, su ji shekarunsu sun dawo musu.

Waɗanda suka iya ɓoyewa ma ba su tsira ba, wataƙila ma su suka fi jin abin a jika. Laura Hull da abokan aikinta a Landan sun tattara bayanan manya masu otizim a 2017 game da ɓad-da-kamar da suke yi, yadda suke haddace jimlolin gaisuwa, su tilasta wa idonsu kallon ido, su kwaikwayi dariyar wani, su yi bitar hira tun kafin a yi ta. Wanda ya haddace girma kamar rawar da aka ba shi a wasan kwaikwayo, ko ya iya ta har an yi masa tafi, ya san cewa haddacewa ya yi, don haka kullum ji yake kamar yaron da ya zura rigar mahaifinsa yana fargabar ranar da za a lura hannun rigar ya fi hannunsa tsawo. Wannan aiki yana cin ƙarfi. Dora Raymaker da tawagarta a Amurka sun bayyana a 2020 irin durƙushewar da kan biyo bayan shekaru na wannan wahala, gajiyar da ke ɗaukar watanni, tare da suɓucewar ƙwarewar da mutum ya riga ya mallaka. Wanda jiya yake dafa abincinsa yana tuƙa motarsa, yau wanka ma sai an tuna masa, 'yan gida kuma su ce ya koma yaro, shi ma ya yarda. Wasu kuma ba su ma san sunan abin da ke damunsu ba sai da girma ya zo. Wani bincike na 2023 ya ƙiyasta cewa a Ingila sama da 9 cikin 10 na masu otizim 'yan shekara 50 zuwa sama ba a taɓa gano su ba. Wanda aka gano a shekara 45 yakan tsinci kansa yana yin tambayoyin da sa'anninsa suka gama da su tun suna 19: wane ne ni idan na cire wannan fuskar, me nake so, me nake yi don kawai in yi kama da mutane?

Sai batun abubuwan sha'awa, wanda a nan nake ganin aka fi yi wa masu otizim rashin adalci. Mace mai shekara 40 da har yanzu take kallon katun ɗin da ta so tana 9, ko magidancin da ke tara ƙananan motocin wasa yana jera su bisa shekarar ƙira, nan take ake yanke musu hukunci. Dinah Murray da Mike Lesser da Wenn Lawson sun yi bayani a 2005 cewa hankalin mai otizim yakan taru ne a wuri guda ya yi zurfi maimakon ya bazu sama-sama, kuma abin da aka so da irin wannan zurfi ba a saurin sakinsa. Yawancin mutane sun bar abin wasansu ne ranar da suka lura tsararrakinsu sun fara yi musu dariya, tun daɗinsa bai ƙare ba. Mai otizim ko dai bai lura da dariyar ba, ko ya lura bai ga dalilin da zai sa ta fi abin da yake so nauyi ba. Amma namijin da ya haddace sunayen 'yan ƙwallo na shekara ashirin, yake ƙin cin abinci idan ƙungiyarsa ta sha kashi, babu mai ce masa yaro, saboda irinsa suna da yawa.

Haka abin yake a wajen motsin rai. Idan ƙara da haske da cunkoso suka taru suka fi ƙarfin jijiyoyi, mai otizim yakan fashe da kuka ko ihu, ko ya yi ɗif magana ta gagare shi, mai kallo kuma nan da nan ya tuna da borin yaro. Amma bori yana da manufa, yaro yana yi yana leƙen fuskar uwa ya ga ko an kusa ba shi abin da yake so, da an ba shi kuma ya yi shiru. Wannan kuwa ambaliya ce, babu abin da ake nema da ita, mai ita ma da kunyarta yake kwana. Wani nazari na 2019 da ya tattara bincike da dama ya nuna cewa kusan rabin masu otizim suna da wahalar gane abin da ransu ke ji da sa masa suna, alhali a sauran jama'a kusan 1 cikin 20 ne, kuma wanda bai ga ɓacin rai yana taruwa ba sai dai ya iske shi ya tumbatsa.

Duk waɗannan daga cikin mutum suke. Amma a idon jama'a mutum yake ganin girmansa, su kuwa jama'a sun daɗe da ɗaura otizim a kan fuskar yaro. Da yara 11 likita Leo Kanner ya buɗe wannan fage a asibitin Johns Hopkins a 1943, kuma sunan da ya raɗa masa daga baya, otizim na jarirai, shi ne ya shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 1980. A 2011 Jennifer Stevenson da Bev Harp da Morton Ann Gernsbacher sun duba hotunan da rassan ƙungiyoyin iyaye suke sawa a shafukansu, suka ga kashi 95 cikin 100 na yara ne, sannan a littattafan ƙirƙira kashi 90 cikin 100 na masu otizim ɗin da ke ciki yara ne. Babban da ke da otizim ya tashi ke nan bai taɓa ganin hoton kansa a shekara 50 ba. Ga yadda abin yake a aikace. Mutum mai shekara 41 ya je asibiti da mahaifiyarsa domin ta taya shi da hayaniyar wurin. Likita ya duba takarda, idonsa ya faɗa kan kalmar, sai ya juya kujerarsa ya ce, "Mama, tun yaushe yake wannan tari? Yana iya shan magani da kansa?" Mai tarin yana zaune, ya san ranar da tarin ya fara har da awa. Idan aka waiwayo shi, da wata murya mai laushi ake waiwayowa, irin wadda ake lallashin ɗan yaye da ita. Hausa ta haɗa abu biyu a kalmar girma, na shekaru da na daraja, kuma wanda ake hana shi na biyun kullum ba zai daɗe ba zai fara shakkar na farkon.

A nan ne haɗarin maganar yake, domin akwai wata tsohuwar jimla da ke kama da ita a baki alhali ba su haɗa komai ba, wato cewa "jikinsa na ɗan 30 ne amma ƙwaƙwalwarsa ta ɗan 6 ce." Asalin wannan lissafi gwajin da Alfred Binet da Théodore Simon suka fitar ne a Paris a 1905 domin a gano yaran makaranta masu buƙatar ƙarin taimako, suka jera tambayoyinsa bisa shekaru a 1908. Da gwajin ya ƙetara Amurka, masanin halayyar ɗan Adam Henry Goddard, wanda ya yi aiki a makarantar Vineland ɗin nan da ma'aunin baya ya ɗauko sunanta, ya mayar da shi hanyar kasa manya gida-gida, kuma irin waɗannan laƙubba suna cikin abin da aka dogara da shi aka kashe wa mutane sama da 60,000 ƙwayar haihuwa da ƙarfin doka, matakin da Kotun Ƙolin ƙasar ta halatta a 1927. Jimlar ba gaskiya ba ce ko a kan wanda ba ya magana kuma yake buƙatar kulawa dare da rana. Shekara 30 ya yi yana gani yana tunawa, ya yi rashi, ya san fuskar masu raina shi, jikinsa na baligi ne da duk abin da balaga ke kawowa. Idan aka ɗauke shi ɗan 6, ba za a koya masa sanin jikinsa da haƙƙinsa na ƙin a taɓa shi ba, ba za a koya masa kuɗi ba, sai a miƙa shi hannun duniya babu garkuwa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa, a sashe na 12, ta tsaya a kan cewa babba yana da ikon doka kamar kowa, kuma haƙƙinsa ne a tallafa masa ya yi amfani da shi. Idan mai otizim ya ce yana jin kamar ɗan 17, labarin zuciyarsa yake bayarwa. Idan wani ya faɗa a madadinsa, yawanci wata takarda ce ake shirin sa wa hannu ba tare da shi ba.

Kada kuma a faɗa ramin da ke ɗaya gefen. "Kai fa ba yaro ba ne" da "girma ya kama ka" jimloli ne da ake janye taimako da su, kuma a ƙasashe da dama tallafin da yaro ke samu yakan yanke rana guda da ya bar makaranta, kamar otizim ɗin ma ya karɓi takardar gamawa. Iyayen da ke tsoron a cuci ɗansu a kan kuɗi ko a yaudari 'yarsu ba mafarki suke ba. Abin dubawa shi ne fasalin taimakon. Matar nan mai ciwon haƙori, idan asibitin yana karɓar saƙon rubutu, ba ta buƙatar kowa. Idan kuma sai an kira, mahaifiyarta ta kira, amma ita ce za ta zaɓi ranar, ita ce kuma likita zai fuskanta.

Yaro na farko a cikin 11 ɗin Kanner shi ne Donald Triplett, wanda aka haifa a garin Forest na jihar Mississippi a 1933, aka taɓa kai shi gidan kulawa yana ɗan shekara uku kafin iyayensa su dawo da shi. Ya yi digiri a harshen Faransanci, ya koyi tuƙi yana da shekara 27, ya zama ɗan wasan golf, ya fara yawon ƙasashe shi kaɗai bayan ya haura 30, ya yi aiki a bankin danginsa sama da shekara 60, ya rasu a watan Yuni na 2023 yana da shekara 89. Kusan kowane mataki a makare ya taka shi bisa agogon Neugarten, amma ya taka. Gaskiya ne cewa iyayensa masu hali ne kuma garinsu ya rungume shi, abin da yawancin masu otizim ba su samu ba.

Shi dai jiki ba ya tambayar zuciya shekarunta. Mai jin kansa ɗan 20 hawan jini zai same shi a 55 kamar kowa, kuma binciken otizim, wanda ya shafe shekara 80 yana kallon yara, yanzu ne ya fara waiwayar tsufa. Mahaifiyar da ke zama a gefen mutumin nan mai shekara 41 ita ma tana tsufa. Nan da shekara goma wataƙila shi ne zai riƙo hannunta su shiga ɗakin likitan, da takardarsa a aljihu ɗauke da sunan kowane magani nata da awar shansa, likita kuma ya ɗago kai yana neman wanda zai yi wa bayani.